Bindigar da Ta Ƙi Kakana

Kakana na wajen uba ɗan mazan jiya ne. Yana cikin Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda ta fafata da Japanawa a kwarin kogin Kaladan na ƙasar Bama a shekarar 1944. Ba mai yawan labarin yaƙi ba ne, amma akwai magana guda da na ji daga bakinsa sau uku kafin rasuwarsa a 1993. Yakan ce, "Abokina, bindigata ta ƙi ni a daren da na fi bukatarta." An kawo musu farmaki cikin duhu. Ya yi sauri ya cika ta da harsasai, ya tura sakata, sai ta ɗan matsa gaba ta cije kamar ta ci karo da bango. Kafin ya shawo kanta, an harbe abokinsa da ke kwance a gefensa. Da gari ya waye, sajensu ya ce ƙazanta ce, bai goge bindigar ba. Kaka ya rantse ya goge ta da yammacin ranar, amma da wannan tabo ya dawo gida, da shi kuma ya koma ga Mahaliccinsa.

Bindigar ita ce Lee-Enfield, makamin sojan Birtaniya a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Wani samfurinta ne 'yan sandanmu suka daɗe suna ratayawa, wanda aka fi sani da Mak-fo. Gidan harsashinta yana cin guda goma, ana ɗura su biyar-biyar ta sama da wani ɗan ƙarfe da ke riƙe su a jere.

A 2014, ina karatun digiri na uku a arewacin Ingila, wani abokin karatu ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi aikin gyaran makamai a soja har ya yi ritaya. Yana da lasisin ajiye irin wannan bindiga. Na kwashe labarin Kaka na faɗa masa. Bai yi gaggawar cewa komai ba. Ya ɗauko tasa, ya buɗe sakata, ya leƙa ciki har sau biyu don ya tabbatar babu komai, sannan ya zube harsasan gwaji, marasa albarushi, a kan tebur.

Ya ce idan wannan bindiga ta ƙi ɗaukar harsashi, bincike yana da tsari, kuma daga abu mai arha ake farawa. Da farko a duba harsashin kansa, ko ya lotse ko ya yi tsatsa. Sai a duba yadda aka jera shi. Daga nan a tabbatar gidan harsashi ya zauna daram a mazauninsa, domin idan ya ɗan sauka ƙasa, sakata za ta bi ta saman harsashi ta wuce ba ta ɗauke shi ba. Bayan haka a gwada sifirin da ke tura harsasai sama, ko ya gaji. Sai leɓɓan bakin gidan: in sun buɗe da yawa harsashi ya yi tsalle, in sun matse ya dungure da kai. Ya ce abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, sannan a matsa. Ya ƙara da cewa mafi yawan bindigogin da ake kawo masa a lalace, masu su ne suka fara da magagari, suka goge ƙarfen da ba shi da laifi, kuma abin da aka goge ba ya dawowa.

Sannan ya nuna mini abin da ya sa na yi wannan rubutu. Harsashin .303 tsohon yayi ne, tun ƙarshen ƙarni na 19 ake amfani da shi, kuma yana da ɗan zobe da ya fito a gindin kwansonsa. Ƙa'ida ita ce zoben harsashin sama ya zauna a gaban na ƙasa. Idan ya faɗa bayansa, sakata tana turowa sai zobe ya sarƙe da zobe. Dattijon ya jera su haka da gangan, ya miƙo mini. Na tura sakata. Ta ɗan matsa gaba, ta cije kamar ta ci karo da bango. Tsigar jikina ta tashi, domin kalmomin Kaka ne nake ji a tafin hannuna. Bindigar tana da tsafta, tana ƙyallin mai, amma ta ƙi.

Maganin bai wuce daƙiƙa uku ba: a ja sakata baya, a danna harsasan ƙasa da babban yatsa, su koma su daidaita. Amma wannan a kan tebur ne, da rana tsaka. Dattijon ya ce ɗurin gaggawa cikin duhu shi ne ya fi jawo wannan sarƙewa, kuma ta sami ƙwararrun sojoji da dama. Na tambaye shi ko ƙazanta tana iya kawo irin wannan cijewa. Ya ce tana iyawa, sai dai ita takan sa sakata ta yi nauyi ne ko ta ƙi rufewa a ƙarshe, ba ta tsaya cak tun daga farkon tafiya ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sajen ya yanke hukunci bai ko buɗe gidan harsashi ba. Ya ɗauki bayanin da ya fi kusa da hannu, wato sakacin ƙaramin soja, ya rataya wa mutum nauyin rai na kusan shekara hamsin. Ni ma a aikina na koyarwa na sha aikata irin wannan. Ɗalibi ya faɗi jarrabawa, na ce lalaci ne, ban duba yadda na jera masa darasin ba.

Da na dawo gida hutu, na zauna da mahaifina na zayyana masa abin da na gani, har da zane a takarda. Ya daɗe yana kallon zanen. Can ya ce, "Ashe gaskiya Baba yake faɗa." Washegari da sassafe muka tafi maƙabarta muka yi masa addu'a, shi da abokin nasa da aka binne a Bama.