Duwatsun Volta: kwana biyu ba ciniki

Mu 'yan kasuwa mun san garuruwa da yawa, amma sanin tasha da kasuwa ne. Ka tambayi wanda ya shekara ashirin yana kai kaya Hohoe, zai faɗa maka kuɗin mota da farashin buhun masara, amma bai taɓa taka Wli ba, alhali tsakaninsu bai wuce tafiyar rabin awa a mota ba. 'Ya'yanmu kuwa da aka haifa a Nima ko Madina, da yawansu ba su taɓa hawa abin da ya fi bene tsawo ba. Shi ya sa nake ba masu iyali shawarar su ware kwana biyu su leƙa duwatsun gabashin Ghana, can bakin iyakar Togo.

Daga tashar Madina ana samun motar Hohoe kullum. Za ku haye Kogin Volta ta gadar Adomi, daga nan ƙasa ta fara tudu da kwari, gonakin koko da ayaba suna bin gefen hanya. A ƙiyasta awa huɗu zuwa biyar, gwargwadon halin hanya da halin direba. Ku kwana a Hohoe, don akwai zango da masallatai, kuma abincin da hankali zai kwanta da shi ba ya wuya. A ƙauyukan kan dutse naman daji da bammi sun yi yawa, saboda haka ku yi guzuri, ku riƙe buta da darduma.

Wli shi ne wurin da ya fi dacewa da iyali. Ruwa ne ke zubowa daga kan dutse, kuma babu wanda ya kai shi tsawo a duk Ghana. Daga ofishin karɓar baƙi za a haɗa ku da ɗan rakiya, ku bi ta cikin kurmi kamar minti arba'in da biyar. Hanyar shimfiɗe take, ana ta ƙetare rafi ɗaya a kan ƙananan gadoji, har dattijuwa mai ƙarfin hali za ta iya. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rurinsa, sannan sanyi ya bugi fuskarka, feshi ya jiƙa maka riga kana nesa. Ɗaga kai sama: jemagu ne dubbai maƙale a jikin dutsen. Yaran da na je da su sun fi awa ɗaya ba wanda ya tuna da waya. Ni dai wannan kaɗai ya biya ni kuɗin mota. Akwai wani mazubin a can sama, amma hawansa na awoyi ne, a bar wa samari.

Dutsen Afadjato kuma wani abu ne daban. Littattafan makaranta na Ghana suna ba shi tsawon mita 885, ana hawansa ta ƙauyen Liati Wote ko ta Gbledi. Kada kalmar "yawon buɗe ido" ta ruɗe ka, Alhaji. Hawa ne a miƙe, wani wurin sai ka kama saiwar itace. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya zauna a gindi ya jira, ba abin kunya ba ne. Wanda zai hau ya fara bayan asuba, da takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba, da ruwan sha isasshe. A sama za ka hango ƙauyukan Togo kamar ka miƙa hannu. Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba da Nuwamba. Cikin damina santsi, cikin hunturu hazo ya rufe komai.

Mutanen yankin galibi Ewe ne, manoma, kuma suna riƙe da gaisuwa kamar yadda muke riƙe da ita. Za su ce maka "woezo", wato sannu da zuwa, ka amsa "yoo". In an yi maka alheri ka ce "akpe". Kalmomi uku ke nan, amma suna buɗe fuska. Kada ka ɗauki hoton mutum ko wurin tsafinsu sai da izini, kada yara su tsinki koko a gonar mutane. Kuɗin shiga kuma kada a tsaya taya shi kamar atamfa, da shi ake biyan samarin garin da ke share hanya suna rakiya.

In da sauran lokaci, ku biya Amedzofe a hanyar komawa. Garin Avatime ne a kan tudu, sanyinsa na sa mutum neman bargo. Jamusawa 'yan mishan sun zauna nan tun lokacin da yankin ke hannun Jamus, kafin ƙuri'ar 1956 ta haɗa shi da Ghana, kuma har yau akwai gicciyen ƙarfe a ƙolin dutsen Gemi. Suna noma wata jar shinkafa a gangaren dutse, mai ƙamshi, mai cika ciki. Na sayi mudu biyu don gida, kuma ban ɓoye muku ba, har na tambayi nawa buhu zai kama in an sauke shi Madina.