Masu Jinyar Waɗanda Ba Su da Kowa

Daga Katsina na shiga motar Maraɗi, muka bi ta Jibiya da Ɗan Isa. Da muka gama da 'yan duwan, wato kwastan, da jandarmomi sai hanya ta miƙe, muka ratsa ta gefen Jiratawa, inda gonakin rani suke kore shar, samari sun duƙufa tun sanyin safiya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna su da baki, ya ce, “Malam, a cikin waɗannan ma akwai masu haɗiyar tramol kafin su kama hauya.”

Abin da ya kawo ni ke nan. A 2017 hukumar UNODC ta ba da labarin kama ƙwayar tramol fiye da miliyan 3 a Nijar a karo ɗaya, an ɓoye ta cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Wadda ta kuɓuce wa jami'ai ita ce take ƙarewa a aljihun ɗan kabu-kabu da ɗan ga-ruwa, masu neman ƙarfin aiki. In ta yi yawa sai mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. In ya daina kwatsam, ga zufa, ga ciwon gaɓɓai, ga rashin barci.

Don in ga inda wasu masu shanta suke ƙarewa, a sashen masu taɓin hankali na wani asibitin gwamnati na yini. Wanda ya san asibitocinmu ya san cewa mai jinya shi ne rabin magani: shi zai dafa, ya wanke, ya je sayen magani, ya kwana a tabarma gefen gado. To, yaya wanda aka tsinto a bakin kasuwa, ko wanda dangi suka gaji suka ajiye shi suka tafi?

Amsar na gan ta a gindin wata bedi. Wani saurayi ne ya durƙusa yana yi wa wani bawan Allah aski. Gashin ya dunƙule, sai da ya jiƙa shi da ruwan sabulu, ya bi da almakashi, kana ya sa reza. Majinyacin yana ta surutai shi kaɗai, shi kuwa saurayin yana amsa masa da “Haka ne, Baba,” hannunsa bai tsaya ba. Da ya gama ya koma kan farce. Ba ɗansa ba ne, bai ma san garinsu ba. Ya ce da ni shi ma an taɓa kwantar da shi a nan saboda ƙwaya, kuma mahaifiyarsa ce ta zauna da shi har ya warware. “Na ga yadda maras kowa yake kwana da yunwa a gadon da ke kusa da nawa. Shi ya sa nake dawowa.”

Wajen azahar wata Hajiya ta shigo da kwanonin tuwo da goran fura, jikarta na biye da ita. Ba ta tambayi sunan kowa ba. “Ɗana, ka ci?” ita ce gaisuwarta. Wani ma'aikacin jinya ya shaida mini cewa akwai majinyatan da ba sa yarda su sha magani sai daga hannunta. Ni a ganina wannan aiki ne na lafiya cikakke, ko da babu farar riga. Maganin taɓin hankali yana sa kasala da bushewar baki, kuma mai yunwa bai cika jure shi ba.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Tibiri, garin Sarkin Gobir, inda sarautar Inna da al'adar bori suke da tsohon tarihi. A nan, in mutum ya zautu, iyali kan fara da malam ko 'yan bori kafin su tuna da likita. Na zauna da wani ɗan sa-kai na unguwa wanda ba ya faɗa da wannan al'ada. Yakan ce da iyaye, “A ci gaba da addu'a, amma a kwance masa mari, mu tafi Maraɗi a duba shi.” Wanda ya tuna ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga gidan mari na Rigasa a Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, ya san nauyin wannan magana. Sau da yawa ɗan sa-kan nan ne yake zuba mai a babur daga aljihunsa, shi kuma zai koma bayan an sallami yaron ya ga ko yana shan magani, ko abokan fada, wato majalisar samari, sun sake janye shi.

Na tambaye shi abin da 'yan sa-kai irinsa suke so a yi musu. Bai ambaci takardar yabo ko bikin 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ba. Ya ce sabulu, da tufafin da aka daina sawa, da kuɗin mai, sai kuma wani likita ya zauna da su ya koya musu yadda ake tunkarar mutumin da ya fusata ba tare da an ɗaure shi ba. Godiyar da suka cancanta daga hukuma da attajiran Maraɗi ke nan, kuma ba ta fi ƙarfin kowa ba.