Ɗakin Da Na Zaɓa A Jirgin Kogin Nilu

Wannan mako labarin wani kuskure zan ba ku, wanda na tafka a ƙasar Misira, domin wadda aka nufa da irin wannan tafiya kada ta faɗa ramin da na faɗa.

Tun da na fito daga makarantar horon malamai na kama aiki na ke zuba adashi, da niyyar in kai Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, ta ga Kogin Nilu da idonta. Da hutun Disamba ya zo muka tashi. Jiragen yawon shan iska suna kai da kawowa tsakanin Lukusor da Aswan, watau tafiyar da ta ɗara kilomita 200 kaɗan. Daga Lukusor a kan kwana 4, gama jirgi yana haura ruwa ne zuwa kudu. Mai gangarowa kuwa kwana 3 ya ke yi. Namu jirgin tamkar gidan bene ya ke a kan ruwa, hawa 4, sa'an nan ga soro a bisa inda a ke zama shan iska.

Ni da ɗokina sai na biya kuɗin ɗaki mai baranda, a hawan ƙarshe, can wajen wutsiyar jirgi, don na ga ya fi tsada, na zaci ya fi kyau ke nan. Ban tambayi kome ba.

Tun daren fari na gane kurena. Ɗakin cin abinci yana can hawan ƙasa, jirgin kuwa ba shi da lif, ga Gwaggo da ciwon gwiwa. Sau 3 a rana za ta sauka ta hau. Da muka kwanta, sai ƙugin inji ta ƙarƙashinmu, da ƙarar kujerun da a ke ja bisa soro daidai kanmu. Barandar da na zuba wa kuɗi fa? Da gari ya waye na yaye labule, sai ga ni ido da ido da wani Bature yana goge haƙora a ɗakin wani jirgi. Ashe a mashigi jiragen jeruwa su ke yi kafaɗa da kafaɗa, uku ko huɗu ko fiye, har sai an ratsa ta cikin waɗansu kafin a taka tudu.

Da azahar na iske Gwaggo zaune a tsakiyar matakala tana haki. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kallo kika sayo mana, amma da ƙafafuna kika biya." Kunya ta rufe ni. Na tafi wurin akawun jirgi na roƙe shi, muka yi sa'a akwai ɗaki guda da ba kowa, a hawa na 2, tsakiyar jirgi, kusa da ƙofar fita, ta hannun dama. Ba shi da baranda, sai wata babbar taga mai buɗewa. Rarar kuɗina ba ta dawo ba, ban kuwa yi gardama ba.

To, a wannan taga muka ga Misira. 'Yammatan makaranta, ku tuna darasinku: wanda ya fuskanci kudu, yamma tana damansa. Saboda haka kowace yamma rana tana faɗuwa a gabanmu, bayan itatuwan dabino. Gonakin rake da na ayaba suna bin gaɓa, amma koren bai da faɗi, kana ɗaga ido sai rairayi da duwatsu. A Isna jirgi ya shiga wata ƙofar ruwa, aka rufe, ruwa ya ɗaga mu sama sannu sannu kafin a buɗe ta gaba. Kafin mu shiga, 'yan tireda a kwalekwale suka kewaye mu suna jefo riguna da mayafai cikin leda, mai so ya mayar da kuɗi, wanda ba ya so ya jefa musu kayansu. Bayan Idfu, a Jabalu Silsila, kogi ya tsuke, muka ga ɗakunan da mutanen da suka sassaƙa cikin dutse, a wurin da su kan fasa duwatsun gina gidajen tsafinsu. Na hannun hagu su ma ba su yi asara ba, su ke ganin fitowar rana, kuma ta wajensu gidan tsafin Kom Ombo ya ke, inda a ke ajiye da busassun kadoji. Gwaggo ta ga duk rabonta tana zaune bakin gado da shayinta.

Ga abin da na koya. Na farko, a nemi taswirar jirgi, a duba abin da ke bisa ɗaki da abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ke tsakanin ɗakunan kwana ya fi shiru. Na biyu, a guji wutsiya saboda inji, a guji maƙwabtaka da ɗakin kiɗa. Na uku, hawan ƙasa ya fi araha, amma tagarsa tana dab da ruwa, galibi ba ta buɗuwa. Na huɗu, a san inda jirgi ya dosa kafin a zaɓi dama ko hagu. In kuwa jirgin teku ne, mai jin jiri ta nemi tsakiya, ƙasa ƙasa, nan ne ba ya tangaɗi ƙwarai. Can baranda ta fi amfani, don ba a jera manyan jirage haka.

Babbansu duka, a auna ɗaki da ƙafar wanda ya fi rauni cikin matafiya. Matambayi ba ya ɓata. Da muka isa Aswan Gwaggo ta sa mini albarka, har ta ce in fara wani adashin.

Sai mako mai zuwa.