A Kai Yara Su Hau Jirgin Ƙasa

'Yan'uwana mata, a ajin da na ke koyarwa a Kwaciri, yara kaɗan ne suka taɓa shiga jirgin ƙasa, alhali tasha ga ta kusa da mu. Dogo ya iso Kano tun 1911, shi ya kawo baƙin da suka zauna a Sabon Gari, shi ya kwashe dalar gyaɗa zuwa Ikko. Ashe ba abin kunya ba ne ɗan Fagge ya san jirgi a littafi kaɗai?

A 2013, ina 'yar makaranta, na raka yayata Zariya da 'ya'yanta uku. Da jirgi ya yi kuwwa, autar ta fashe da kuka, amma kafin gadar Challawa ta manne da taga tana ƙirga shanu. A Madobi babban ya tambaya me ya sa itatuwa ke gudu baya. Har yau su kan lissafa tashoshin nan da ka.

A Wuppertal ta Jamus akwai jirgi mai rataye a dogo ɗaya tun 1901, har yanzu iyaye na hawa da 'ya'yansu. Namu bai fi shi tsufa ba.

To, duk sa'ad da jirgi ke tashi, ku roƙi maigida. Ku riƙe guzuri da ruwa, ku zaunar da yaro nesa da ƙofa, kada ya leƙa kai waje. Gani ya kori ji. Allah ya kai mu lafiya, amin.