'Yar kwamfutarmu ba ta da agogo



"Babu intanet" kalma biyu ce kacal, amma cuta wajen shida ke ɓuya a ƙarƙashinta, kowacce da nata maganin. Wata 'yar kwamfuta da faɗinta bai wuce na katin cirar kuɗi ba ce ta koya mana haka. Sunanta Raspberry Pi. Wata gidauniya da ke Kambirij a Ingila ce ta fito da ita a 2012 a kan dala 35, don yara su samu abin koyon kwamfuta mai araha. Allo ne guda tsirara, ba sikirin, ba kibod, ba batir. Memori irin na waya ake sa mata, a jona ta da talabijin, sai ga kwamfuta.

Mu bakwai ne muka yi karo-karo muka sayi samfurin Pi 4, wanda ya fito a 2019, na hannu. Duk wanda ya taɓa rubuta babi talatin da babban yatsa ya san dalilinmu. Waya ta faɗa ruwa ko a ƙwace ta a lungu, labarin shekara guda ya tafi ke nan. Sai muka ajiye 'yar kwamfutar a falon babban yayanmu, muka raba ranaku, kowa ya zo ya buga rubutunsa a kibod na gaske, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa a inda suka dace. Muka kuma tsara mata cewa kowane dare ta kwashe abin da aka rubuta ta kai wata ma'ajiya a intanet, a kulle, yadda ba mai iya buɗewa sai da manhajar da mabuɗin da ke kanta. Kun dai san yadda littafin da marubuciya ke sayarwa yake wayar gari yana yawo kyauta a wayoyin mutane. To wannan kwashewar ta dare ita ce ran abin gaba ɗaya, domin memori na iya lalacewa idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubuta masa abu, mu kuwa ba a yi mana sallama kafin a ɗauke.

Ƙa'idar da muka tsaya a kanta ita ce a fara bincike daga kusa. Idan famfon gida ya ƙi kawo ruwa, ba a fara tafiya madatsar ruwa. A duba kan famfon, a leƙa tanki, a bi bututu, sannan a tambayi maƙwabta ko su ma haka ne.

Kan famfon a nan shi ne wuta. Makonnin farko intanet ɗin ya riƙa yi mana wasan ɓuya: ya kama lafiya lau, da an jona filas ko an buɗe shafi mai hotuna sai ya yanke. Aka zargi kamfanin waya, aka zargi hadari. Ma'ajinmu ne ya lura cewa 'yar jar fitilar da ke gefen allon, wadda ya kamata ta tsaya cak, tana ƙiftawa. Pi 4 tana son bolt 5.1 da amfiya 3. Idan ƙarfin ya sauka ƙasa da bolt 4.63 sai ta rage gudu don ta tsira, a wurinmu kuma Wi-Fi ne ke fara jin jiki. Akwai umarnin da ake rubuta mata, vcgencmd get_throttled, ta faɗi gaskiya da bakinta. Idan ta amsa da 0x0, lafiya. Tamu ta ce 0x50005, ma'ana yunwa take ji yanzu, kuma ba yau ta fara ba.

Cajar da mai shagon ya haɗa mana da ita an rubuta amfiya 3 ɓaro-ɓaro a jikinta. Mu da sana'armu rubutu ce mun fi kowa sanin cewa roba ba ta musu da wanda ya buga mata lamba. Sannan ko kan cajar na kirki ne, igiyar na iya cin amana: idan ta yi tsawo kuma zaren tagullar cikinta siriri ne, wutar na ragewa a hanya kamar tulun da ke yoyo. Muka samo kai mai nauyi da gajeriyar igiya mai kauri, ta ce 0x0, yankewar ta tsaya. Shawararmu ga duk mai niyyar saye, ya rage kuɗin akwatin ado da ake sa ta a ciki ya ƙara a na caja. Akwatin ma idan na ƙarfe ne rufaffe, toshe Wi-Fi yake yi.

Akwai wasu ƙananan tarkuna da za mu ratsa da sauri. Samfuran da ke jin zango biyu ba sa buɗe Wi-Fi sai an gaya musu ƙasar da suke, saboda kowace ƙasa da tashoshin da ta halatta. A shiga raspi-config a zaɓi NG, 'yan uwanmu na Nijar NE, na Gana GH. Tsofaffi irin Pi 3 B na 2016 da Pi Zero W zangon 2.4 kawai suke ji, don haka idan hotsifot ɗin wayarka yana kan zangon 5, ko sunansa ba za su gani ba, ko da ka ɗora wayar a kansu. Filas ɗin da aka soka a shuɗiyar kafa, wato USB 3, yana iya damun zangon 2.4 da ƙararsa, sai a mayar da shi baƙar kafa. Kuma a riƙa duba shekarar kowane bayanin gyara kafin a bi shi. A Oktoban 2023 aka sauya manhajar da ke kula da haɗin, tsohuwar dabarar ajiye fayil ɗin wpa_supplicant.conf a memori ta daina aiki, amma har gobe ita ce cike da intanet. Yanzu nmtui ake rubutawa, a zaɓi sunan layin a sa kalmar sirri.

Idan duk wannan ya yi daidai, sai a hau tsanin tambayoyi. Na farko, hostname -I: an ba ki lambar gida? Idan ta yi shiru, ko ta kawo lamba mai farawa da 169.254, to wayar ba ta ba ta komai ba, ita ta laƙaba wa kanta. Na biyu, ip route zai nuna lambar ƙofar fita, wato wayar ko na'urar raba intanet, sai a ƙwanƙwasa mata da ping. Na uku, ping 8.8.8.8, wata lambar Google da ke can waje. Na huɗu, a ƙwanƙwasa da suna, kamar ping wikipedia.org. Matakin da amsa ta tsaya, nan cutar take. Idan ƙofa ta amsa waje bai amsa ba, a bar 'yar kwamfuta ta huta, data ce ta ƙare ko sabis ya gudu. Idan lamba ta amsa suna bai amsa ba, DNS ne, wato ma'ajiyar da ke mayar da suna lamba. Kamar wayar da sunayen cikinta suka goge ce: layi na nan, kati na nan, amma sai wanda ka haddace lambarsa za ka iya kira.

Wannan tsanin ya sauya yadda muke magana a falon, har ya tsallaka kan rubutu. Da can idan aka karanta babin wani sai a ce "bai yi ba" ko "ya yi ma'ana", a wuce. Yanzu babban yayanmu sai ya ce, "Bai yi ba ɗin nan naka babu intanet ne. A wane mataki ya yanke?" Dole mai suka ya nemo shafin da ya daina yarda da jarumar.

Wani yankewar kuma ba na'ura ce ke jawo shi ba. Wayar babban yayan ce ke ba mu hotsifot, kuma yakan zura ta a aljihu idan an kira salla. Autarmu ta taɓa bin sa har ƙofar gida tana cewa, "Yaya, don Allah ka bar mana intanet ɗin, kar ya bi ka masallaci." Akwai kuma wanda ya fi wannan wayo. Wayoyi da yawa suna kashe hotsifot da kansu idan suka yi 'yan mintuna ba wanda ya jona. A ɗauke wuta da dare, kwamfuta ta mutu, waya ta ga ba kowa ta rufe ƙofa, a dawo da wuta, kwamfuta ta farka ta tarar ba kowa. Kwashewar daren ta faɗi ba tare da kowa ya sani ba. Kashe wannan saitin a wayar ya magance shi.

Babbar cutar kuwa, wadda ta sa muka ga ya kamata mu rubuta wannan, ta zo ne a watan Satumba. An yi ta wasa da wuta a wani dare, a kawo a ɗauke, da safe kwamfuta ta ƙi tashi. Memori ya lalace da rubutun mutum bakwai a cikinsa, har da gajeren labarin autarmu da za ta tura gasa, saura kwana biyu a rufe. Hankalinmu bai tashi sosai ba, domin muna da memorin ko-ta-kwana da muka shirya tun watan Janairu, da manhajar da mabuɗin a ciki. Muka sa shi, ta tashi, ta kama Wi-Fi. Muka ce ta ɗauko mana kayanmu daga ma'ajiya, ta ƙi. Wani dogon saƙon Turanci take kawowa, wai takardar shaidar ma'ajiyar ba ta inganta ba.

Muka bi tsani daga ƙasa. Wuta 0x0. Lambar gida akwai. Ƙofa ta amsa, 8.8.8.8 ya amsa, suna ya amsa. Kowane mataki lafiya, amma kaya sun ƙi fitowa. Falon ya yi tsit. Autarmu ta zauna a ƙasa ta fara ƙoƙarin tuno farkon labarinta a takarda, tana rubutawa tana sokewa.

Ma'ajinmu ya sake karanta saƙon a hankali, kalma bayan kalma, ya ce, "Ba cewa ta yi takardar ta ƙare ba fa. Cewa ta yi lokacinta bai zo ba tukuna." Ya rubuta date. Kwamfuta ta ce muna watan Janairu.

Ga yadda abin yake. Kwamfutar tebur da ta cinya suna da ɗan batir kamar kwabo da ke riƙe agogo ko an kashe su. Pi 4 da duk na gabanta ba su da shi, an cire don a rage farashi. Abin da take yi shi ne ta riƙa rubuta lokaci a memori jefi-jefi. Idan ta farka sai ta ɗora daga inda rubutun ya tsaya, sannan ta tambayi masu riƙe lokaci a intanet ta gyara. Wannan tambayar tana bin wata ƙofa ce ta daban, mai lamba 123, ba wadda shafuka ke bi ba, kuma a ranar ba a amsa mata ta nan ba. Sai ta zauna a Janairun da aka rufe memorin. A kusurwar sikirin kuma awa da minti kawai take nunawa, ba wata ba shekara.

Shi kuma kowane shafi mai tsaro yana gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, da yawansu kwana 90 kawai suke yi a sabunta su. Takardar da ma'ajiyarmu ta nuna an ba da ita ne a tsakiyar damina. A idon kwamfutar da ke zaune cikin sanyin Janairu, takarda ce daga watan da bai kama ba, wato ta jabu. Mai gadi ne da ya yi barcin wata takwas, ya farka yana korar masu gida da gaskiyarsa.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Aka duba waya, aka rubuta sudo date -s da kwanan wata da lokaci, aka sake kiran ma'ajiya. Sunayen fayiloli suka fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya, na autarmu na shida, kwafin daren da ya gabata, ba abin da ya ɓata sai sakin layi biyu da ta ƙara bayan kwashewar. "Yaya, matsa min," ta ce da ma'ajin, ta ja kibod gabanta.

Mun fahimci masu ƙera ta. A garin da wuta ba ta ƙiftawa kuma intanet na zaune a bango kamar famfo, kwamfutar da ba ta da agogo ba ta rasa komai ba, daƙiƙa kaɗan bayan ta tashi an gaya mata lokaci. A falonmu kuwa ɗan batir ɗin nan da aka yi tsimi a kansa ya kusa cinye mana gasa. Pi 5 da ta fito a 2023 an sa mata agogon, sai dai batir ɗinsa daban ake saye. Masu tsohuwa irin tamu akwai wani ɗan allo mai suna DS3231 da ake sokawa a ƙusoshin gefenta, yana ɗauke da nasa batir, ya riƙe lokaci ko wata nawa za ta yi a kashe. Mun ba da saƙonsa, bai iso ba tukuna.

Mun kuma gwada sa fawabank tsakaninta da soket don ta daina mutuwar fuju'a. Biyu daga cikin ukun da muka gwada suna yanke wuta na ƙiftawar ido duk lokacin da aka kawo ko aka ɗauke, kuma wannan ƙiftawar ta isa ta kashe ta. Na ukun, aron matar babban yayanmu ne, ta ce mu dawo mata da abinta ranar Juma'a. Kafin ɗan agogon ya iso, mun liƙa takarda a gefen talabijin ɗin da rubutun autarmu: duk wanda ya kunna, ya fara rubuta date.