Labulen Da Ya Zama Ƙofa A Yerwa

'Yan uwana mata, duk wadda ta san Maiduguri da zafin rana da ƙamshin turaren wuta kawai, to ba ta taɓa kwana a garin cikin hunturu ba. Da rana ƙura ce da hazo, amma da zarar dare ya raba, iskar hamada sai ta ratsa mutum har ƙashi.

A watan Disamba na 2024 na raka gwaggona dubo wata aminiyarta da ambaliya ta shafa. Da asuba muka bar Kano, muka bi ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu, la'asar ta yi mana a Yerwa. Tsarabarmu kuwa manyan jakunkuna biyu ce cike da tsofaffin labulaye da zannuwan gado, waɗanda gwaggo ta bi gidajen 'yan uwa ta tara.

Wata uku kafin zuwanmu, ranar 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya malalo cikin gari mutane suna barci. Ya shafe unguwanni irin su Gwange da Fori, ya shiga babbar kasuwa da fadar Shehu. Rabon garin da irin wannan tun 1994.

Gani ya kori ji. A Gwange muka sauka, ga shatin ruwan nan a jikin bango, a wasu gidajen ya ɗara tsayina. Katifu sun ruɓe an zubar, ƙofofi sun kumbura sun ɓalle, tagogi a hangame. Maƙwabciyar masaukinmu, wata baiwar Allah mai 'ya'ya biyar, buhu ta farke ta rataya a bakin ɗakinta. Da dare lafayarta take warewa ta lulluɓe yaran, ita kuma ta takure a gefe har asuba. Ƙaramin sai tari yake yi, tana fargabar kada sanyi ya sauka masa a haƙarƙari.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne kaskon gawayin da wasu ke shiga da shi ɗaki su toshe ko'ina. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana iya kashe mai barci bai sani ba, ga kuma haɗarin gobara. Amma uwar da ɗanta ke karkarwa, me za ki ce mata in ba ki ba ta abin rufa ba?

Washegari muka kwance kaya. Labule mai kauri muka ninka biyu, wani yaro ya kafa ƙusoshi, muka rataya a ƙofar. Mai shara-shara aka toshe taga da shi. Zannuwan gado kuma bibbiyu aka haɗa, aka jera tsofaffin atamfofi a tsakiya aka bi da ɗinki, sai ga bargo. Matar ta shafa labulen ta dube ni ta ce, "'Yata, yau ɗakina ya yi ƙofa." Wallahi sai da na juya na share hawaye, domin labulen nan na ɗakin yayata ne, ta cire shi ne kawai don wai an daina yayinsa.

Ku duba mana. Kowace Sallah sai an sake labule, amarya ko shekara ba ta rufa ba an ce a canja zannuwan gado, na da kuma a cusa ƙarƙashin gado gara ta cinye. Ki fito da su, ki wanke, ki ɗinke inda ya yage, ki goge ki ninke kamar za ki kai gudunmawar biki, don mai karɓa ma tana da mutuncinta. Kuma ki bayar tun watan Nuwamba, kafin sanyi ya kankama.

Ba sai kin je Borno ba. Ki leƙa gidan da aka yi gobara a unguwarku, ko ɗakin mai takaba, ko tsangayar bayan layinku. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.