Ranar da na kulle kaina a waje

Ni ne akawun wata majema a Challawa, kuma duk lissafin kamfanin yana cikin kwamfuta guda: fatun da dillalai suka kawo, bashin da ake bin mu, gishiri da sinadaran da ke sito, da jerin albashin leburori. Da wani abokin aikina ya koma wani kamfanin robobi a Sharada, sai na canza kalmar sirri, na yi ta mai tsawo, haruffa da lambobi a cakuɗe, ina jin ni gwani ne. Ban rubuta ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Aka tafi hutun Babbar Sallah, aka dawo, kalma ta ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Kowa ya san bayan layya ne kasuwar fata take cika. Motoci na ta sauke kaya, ni kuwa ina zaune ina gwada sunan 'yata da shekarar aurena.

Mantuwa ba abin kunya ba ce. Abin da nake kunyarsa shi ne dalilin da ya sa na riƙe kalmar ni kaɗai: ina son a riƙa nemana. Kuma da abin ya faru, sai na ce wa manaja na'urar ce ta samu matsala. Windows 10 ce a kanta, wadda tun 2018 take ba mai asusun cikin na'ura damar amsa tambayoyi uku ya sake kalmarsa. Sai dai lokacin da ake saita ta, shirme na danna a gurbin amsoshin don in yi sauri. Filashin ceto da ake haɗawa tun kafin a manta, shi ma ban yi ba. Da asusun Microsoft na yi amfani, da daga wayata ma na gyara.

Na ɗauki kwamfutar a ɓoye zuwa Beirut Road. Yaron da na fara samu ko kallon kirki bai yi mata ba ya ce a yi fomatin. Saura ƙiris in amince, wato in share lissafin shekaru don in rufa wa kaina asiri. Tsoro ne ya hana ni, ba hankali ba.

Daga ƙarshe na je na faɗa wa manaja gaskiya. Ya ce, "Malam, ai da tun farko ka faɗa," ya kira wani dattijon injiniya da ke kula da kwamfutocin wasu kamfanoni a Bompai, wanda shi ya saita tamu. Ya fara cire ma'ajiyar bayanan, ya jona ta da tasa kwamfutar, ya kwafe komai. Sannan ya shiga ta wani asusun shugaba da ya buɗe tun ranar farko, ya sa min sabuwar kalma. Abin da na rasa shi ne kalmomin imel da na banki da na bari burauza ta riƙe, domin idan wani asusu ne ya sake maka kalma, waɗannan ba sa buɗuwa.

Sauƙin da ya kwafe fayilolin ya tayar min da hankali. Na tambaya, ya ce, "Ɗana, kalmar nan ƙofar zaure kawai take rufewa." Duk wanda ya saci na'urar zai karanta komai, sai in an kunna BitLocker. Shi kuma in aka rasa kalma aka rasa lambobinsa 48 na ceto, ko shi injiniyan ba shi da dabara.

Mun kunna BitLocker. Lambobin suna kan takarda a akwatin ƙarfen manaja, kashiya ma yanzu yana da nasa asusun. Albashin wannan watan ya makara, kuma ni na tsaya gaban leburori na faɗa musu dalili.